Kwamfutar da Tsohon Riko Ya Kawo Mini

Ni ba mai gyaran kwamfuta ba ne. Na faɗi haka har bakina ya gaji, na daina. Sana'ata buga takardu ce. Ina da ɗan shago na kwano a bakin hanya a Magama, kafin a kai shingen boda, kuma a nan na yi shekaru ina buga wa direbobi da 'yan kasuwa wasiƙu da takardun yarjejeniya, ina yi musu hoton katin shaida. Teburi ɗaya, benci ɗaya, firinta, da wata tsohuwar kwamfutar tebur da na saya hannu na biyu.

Ita wannan kwamfutar ce ta jefa ni cikin abin da ban nema ba. Duk bazara, da rana ta take, sai ta ɗauke ɗif ina tsakiyar aiki. Sau biyu na ɗaure ta a kwali na kai ta Katsina. Kowace tafiya yini guda take ci, ga hanyar ba ta da daɗi a shekarun nan, mutum yana cikin mota zuciyarsa na bakin daji. A karo na uku na ce ba inda za ni. Na ari sukundireba a wurin mai facin taya, na kalli yadda ake yi a waya, na buɗe ta. Abin da na tarar ya ba ni haushi da dariya tare. Zanzaro ne ya yi gini da laka a jikin fankar ciki, fankar ta kasa juyawa. Na karya ginin, na share da tsohon buroshin haƙori, na mayar da murfi. Ta tashi lafiya lau. Daga baya na sayi man da ake shafa wa ƙwaƙwalwarta don rage zafi, na ƙara mata wani ɗan allo da ake kira ram, ta yi sauri kamar ba ita ba.

Kuskurena shi ne na ba maƙwabcina mai shayi labari. Mutumin kirki ne, amma abin da ya shiga kunnensa da safe kafin azahar ya tsallake boda. Cikin wata guda aka fara kawo mini kwamfutoci. Malamin makaranta, mai kemis, ɗan kasuwar da ɗansa ya zuba wa laftof koko. Har daga tsallake ake kawowa, masu Faransanci a ciki, waɗanda haruffan madannansu suke a hargitse, ka nemi A ka same ta a gidan Q. Ba na jin Faransanci, sai dai in dubi hoton abu in yi canke. Wasu na gyara, wasu na ƙara lalatawa, na ba da haƙuri.

Da aka rufe boda, aikin buga takarda ya mutu murus. Manyan motoci suka yi layi har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, daga baya ma suka watse. Abin da ya rage mini sai gyaran da ban iya sosai ba. Na haura hamsin a lokacin. Idona ya fara raguwa, ƙananan kusoshin laftof kuwa ba su kai ƙwayar gero ba, in ɗaya ta faɗi ƙasa sai in durƙusa ina lalube kamar mai tsintar allura. Bayana kullum a ƙage. In na koma gida matata ta tambaye ni yaya kasuwa, ba na samun abin cewa sai “mun gode Allah.”

A irin wannan hali ne, wata ranar kasuwar Jibiya, ɗan acaba ya sauke wani tsoho a ƙofar shagona. Dogo ne siriri, da farar hula da ta sha wanki, ya rungume wani abu a cikin buhun taki. Ya yi sallama, ya cire takalmi kafin ya shigo, abin da ba wanda yake yi a shagona.

“Kai ne malamin na'ura?”

“Haka suke cewa, Baba. Zauna.”

Ya ce daga Riko yake, manomi ne. Ya buɗe buhun a hankali, ya fito da abu naɗe cikin zanen mata, ya warware. Laftof ce baƙa, gefenta ya ɗan tsage.

“Ta ɗana ce,” ya ce. “Allah ya yi mai rasuwa bara, da kaka.”

Na yi masa gaisuwa. Ya ba ni labarin a taƙaice, yana duban ƙasa. Ɗan nasa ya yi karatu, ya sami aiki a wani kantin magani a Maraɗi, yana zuwa gida duk ƙarshen wata. Motar da ya shigo ce ta ƙwace. Wayarsa ba a gan ta ba a wurin. Ya bar mata da ciki, bayan wata huɗu ta haifi 'ya mace. A gidan duka ba su da hotonsa sai wani ƙarami na makaranta, yana ɗan shekara goma sha biyu. Matar ce ta ce duk hotunansa suna cikin wannan abin, har na ɗaurin aurensu.

“Ni ban san mi ke ciki ba,” ya ce. “Uwar tashi ce ba ta barci. Kuma ɗiyar nan, wata rana za ta ce a gwada mata ubanta.”

Na tambaye shi yadda ta lalace. Ya ce ƙanin matar ya jona ta a wani shagon caji a ranar da aka yi ruwa da tsawa, tun daga nan ba ta sake kawo haske ba. Na ce ya bar ta, ya dawo kasuwa mai zuwa. Ban yi masa alkawari ba, amma ban kuma gaya masa cewa ni ɗan koyo ne ba. Ya kamata in faɗa. Na ga yadda ya dube ni, sai na kasa.

Washegari na fara da abin da na sani. Na gwada wata caja, shiru. Na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, na sake jonawa, shiru. Na kwance bayanta, na jera kusoshin a murfin gwangwanin madara don kada su ɓace. Na zare ram na goge bakinsa da kilinar fensir, na mayar. Ko ƙyas. Da na kai hancina kusa da wurin caja sai na ji ƙauri, na haska da tocila na ga baƙin tabo a jikin allon ciki, kamar inda aka kashe taba. Wannan ya fi ƙarfina. Laftof dai ta tafi.

Amma ba laftof ɗin tsohon yake so ba. Hotuna da duk abin da mutum ya ajiye suna zama ne a wani ɗan akwatin ƙarfe da ake kira had-dis, girmansa bai kai tafin hannu ba, a cikinsa akwai faifai mai juyawa. In shi bai ƙone ba, ana iya karanta shi a wata kwamfutar. Na zare shi, na buɗe tawa, na cire igiyoyin da ke bayan wurin sa faifan CD na jona masa. Na yi bisimilla na kunna.

Ya tashi. Na ji yana juyawa, sunansa ya fito a sukirin. Sai dai akwai wata ƙara a ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango. Na san ma'anarta, domin na sha ji a bidiyon da nake kallo. Faifan da ke wannan ƙara yana gargara ne. Ba a wasa da shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ake fara kwashewa, kaɗan-kaɗan, mutum yana zaune a kai.

Na san haka sarai. Amma ranar akwai zafi irin wanda kwano ke ƙara wa, ban karya ba sai ruwan shayi, ga wani mutum zaune a benci tun safe yana jiran in buga wa 'yarsa takardar neman shiga makarantar jinya, yana ta duba agogo yana tsaki. Aikin buga takarda na farko da na samu a makon ke nan. Sunayen foldojin kuma da Faransanci suke, gano ta hotuna sai an tsaya tantancewa. Na ce a raina bari in kwashe duka gaba ɗaya, ai ya fi. Na zaɓi komai, na ce ya kwafa, na buɗe wani shafin na shiga buga wa mutumin takardarsa. Muka yi ta gyara, ya ce a sa kaza, a cire kaza. Aka kira la'asar, na tafi masallaci na bar shi yana aiki.

Da na dawo, kwafin ya tsaya. Ƙarar ta ƙaru, sannan ta yi shiru, sunan faifan ya ɓace daga sukirin.

Na duba abin da ya samu fitowa. Takardun aiki na kantin magani. Wasu darussa. Sai wata ƙatuwar folda ta abubuwan da yaron ya sauko da su daga intanet, bidiyon kokawa da na ƙwallo da wa'azi, cike maƙil. A kansu faifan ya ƙarar da sauran ƙarfinsa, sa'a biyu cur. Foldar hotuna tana can gaba a layi, bai kai gare ta ba.

Na daɗe zaune ina kallon sukirin. Mai shayi ya leƙo ya ce, “Malam, lafiya? Ka yi kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.” Na ce kaina ke ciwo.

Kwanakin da suka biyo baya na yi duk abin da na taɓa ji, mai hankali da marar hankali. Na canza igiya. Na kwantar da shi a gefe, na kifa shi, na ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba. Na ji ana cewa sanyi yana taimakawa, na naɗe shi a leda uku na roƙi mai sayar da ƙanƙara ya sa mini a kularsa. Ya dube ni kamar na taɓu, amma ya karɓa. Na ɗauko shi da sanyinsa na jona da sauri.

Sai ga shi ya fito. Na shiga kai tsaye foldar hotuna, ta buɗe, ƙananan hotuna suka fara jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Na ga saurayi mai faɗin goshi da wushirya, sanye da shaddar ruwan toka, yana dariya a tsakiyar abokai. Na gan shi a bayan kanta cikin farar riga. Na gan shi riƙe da akuya. Na zaɓi na farko na ja shi zuwa tawa kwamfutar, sai komai ya daskare. Ƙas, ƙas. Shi ke nan. Bai sake tashi ba, ko da na mayar da shi ƙanƙara sau uku.

Ranar kasuwa tsohon ya zo. Na ce masa ana kan aiki, ya dawo mako mai zuwa. Ya ce babu komai, ya ajiye mini ƙwan zabi a ƙwarya ya tafi. Mako na biyu ma haka na ce. Ya zo tun daga Riko a bayan babur, da shekarunsa, ya koma da “ana kan aiki.” Da na kai ƙwan gida matata ta tambayi inda na samu, na gaya mata komai. Tana tankaɗe ta ce, “Malam, wahalar da kake ba shi yanzu ta fi wadda ka riga ka yi. Ka faɗa masa.”

Kafin ya dawo na zauna na bi abin da aka kwafa ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa hoto ya ɓuya a wani wuri. Na buɗe takardu sun fi ɗari. Babu. Sai a cikin 'yan abubuwan da yaron ya bari a fuskar kwamfutarsa na ga wani ɗan bidiyo marar suna, lambobi kawai. Bai kai minti ɗaya ba. Na kalla sau ɗaya na rufe.

A kasuwa ta uku, da ya zauna, na janyo ƙofar shagon rabi.

“Baba, akwai maganar da ya kamata in gaya maka tun wancan makon. Hotunan ba su fito ba. Kuma ba za su fito a hannuna ba.”

Ya gyaɗa kai. “Tsawar ta cinye su ke nan.”

Da na bar shi a haka da ya tafi da wannan zaton. Na ce, “Tsawa ta ƙone na'urar, amma abin da hotunan ke ciki ya tashi a hannuna, ya yi sa'a biyu yana aiki. Da su ya kamata in fara. Ban fara da su ba, na juya ina wani aikin. Kafin a kai kansu ya mutu. Sakacina ne.”

A waje wani yana ta danna hon, masu turin baro suna gardama. Tsohon ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

“Da ka hwara da su, da sun hito?”

“Wataƙila. Ina zaton da sun fito.”

“To.”

Sai na ji da ma zagina ya yi. Na ce masa faifan ya buɗe sau ɗaya na ɗan lokaci, na ga hotunan da idona kafin ya ɗauke. Sai ya ɗago.

“Ka gan shi?”

“Na gan shi, Baba. Yana da wushirya. Yana sanye da shadda ruwan toka.”

“Ta ranar ɗaurin aure ce,” ya ce. “Ni na saya mai.”

Sannan na ce akwai abu ɗaya da ya fito, ba fuskarsa a ciki, amma ya gani. Na juya masa sukirin na ƙara murya.

Gona ce da damina, gero ya kai gwiwa, sama ta yi baƙi ta gabas. Hoton yana rawa, alamar mai ɗauka tafiya yake. Can ga wani tsoho sunkuye yana noma, babu riga. Murya ta fito daga bayan wayar, muryar saurayi: “Baba, ɗago a gan ka. Ga babban manomin Riko.” Tsohon cikin hoton ya ɗago, gumi na zuba, ya nuna shi da hauya: “Aje abin banzan nan ka zo ka kama kunya guda, ruwa na tahe!” Sai dariya, doguwa, har hoton ya karkata ya nuna ƙafafun mai ɗauka cikin silifa shuɗi. Nan ya ƙare.

Tsohon ya matso da benci har gwiwarsa ta taɓa teburi.

“Sake.”

Na sake. Ya ce in sake. Mun kalla ya kai sau bakwai. Bai yi kuka ba, sai dai hannunsa da ke kan gwiwa yana ta murza rigarsa.

“Na mance da ranar nan,” ya ce. “Ashe hwaɗa nike mai.”

Ya zaro wata ƙaramar waya mai madannai daga aljihu, ya ce ko zai shiga nan. Na sa a mimori na gwada, wayar ta ƙi buɗewa, ta ce ba ta gane fayil ɗin ba. Sai da na rage girmansa, na juya shi zuwa irin wanda ƙananan wayoyi ke karɓa. Na farko ya fito babu murya. Na biyu murya babu hoto. Yana zaune yana kallona, bai ce in yi sauri ba, har aka yi azahar muka je muka dawo. A gwaji na huɗu ya yi. Hoton ya dusashe a ɗan sukirin, amma dariyar ta fito tar. Na nuna masa inda zai danna, ya gwada da babban yatsansa har ya iya. Na sa wani kwafin a filas, ɗan abin ajiyar fayil na kwamfuta, na ce a ajiye a akwati, kada a ba kowa aro.

Na gaya masa an ce a Kano akwai masu kayan aikin buɗe irin wannan faifan, ko za a dace, amma ban san su ba, kuma ban san ko ƙanƙarar da na sa shi ba ta ƙara ɓata shi ba. Ya ce Kano da nisa. Ya ce in mayar masa da komai yadda yake. Na mayar da faifan mazauninsa, na ɗaure kusoshin duka, ya naɗe ta cikin zanen ya sa a buhu. Ya sa hannu a aljihu, na ce don Allah ya bari. Bai ja ba.

A bakin ƙofa, yana sa takalmi, na ce, “Baba, ka yafe mini.”

Ya ce, “Allah ya yahe mana baki ɗaya.” Bai dube ni ba. Har yau ban san ko wannan yafewa ce ko kuwa abin da dattijo ke faɗa ne don a rabu lafiya.

Na rufe shago da wuri ranar, kuma kwana biyu ban fito ba. Da na dawo na tarar da laftof biyu da firinta ɗaya an bar mini a wurin mai shayi. Na yi niyyar mayar wa masu su, amma babu wani aikin, sai na zauna na kwance ta farko. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini na'ura sai na tambaye shi abin da ba zai iya rasawa ba a ciki, in rubuta a takarda in manna a murfin. Wasu suna jin haushin tambayar, suna ganin ina neman sanin sirrinsu ne.

Sau ɗaya na sake ganin tsohon, bayan kaka, a layin masu hatsi a kasuwar Jibiya. Ya rame, yana tsaye kusa da buhunan wake biyu. Ni na fara gaishe shi, ya ɗan jima kafin ya gane ni. Na tambayi mutanen gida. Ya ce lafiya, yarinyar ta fara tafiya, tana bin kaji. Ya ce wayar yanzu tana hannun uwar marigayin, ba ta ba kowa, kullum sai an kai caji. Wani mai saye ya zo ya zura hannu cikin waken yana tambaya, tsohon ya juya gare shi. Na tsaya kaɗan, na ga ba sauran magana, na wuce layin 'yan kayan miya na sayi barkonon da aka aike ni.